Fiya-fiya a Buhun Wake: Fashin Baƙi kan Kimiyyar da Ke Cire Guba Tun Daga Tushe

Duk wanda ya taɓa shiga siton wake a Legas da tsakar rana, lokacin da kwanon rufi ya ɗauki zafi, ya san warin da nake nufi. Wari ne kamar na kananzir da aka gauraya da wani abu mai ɗaci, ya shaƙe maƙogwaro, ido ya kawo ruwa. Na fara saninsa shekarar da na sauka garin nan wajen kawuna, wanda ya haura shekara ashirin yana sauke wake daga Arewa. Tirela za ta taso daga Dawanau ko Potiskum, ta kwana biyu ko uku a hanya, ta sauke kaya a garin da iskarsa kullum a jiƙe take. Ƙwan ƙwaro kuwa tun daga gona yake biyo waken, ɗumi kawai yake jira ya ƙyanƙyashe. Buhun da ka jingine lafiya lau, bayan wata biyu sai ka tarar rabinsa huji ne da gari. Shi ya sa yaran sito suke zazzage wake a kan tamfol, su tsiyaya fiya-fiya cikin ruwa, su yayyafa, su cuɗa da hannu, su mayar buhu su ɗinke.

Ranar da na yi ƙarfin hali na ce, "Kawu, wannan abu fa guba ne," bai musa ba. Cewa ya yi, "Na sani, ɗana. To in ban sa ba, wa zai biya ni kuɗin buhu ɗari uku?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Ai na saya musu takunkumi da safar hannu. Su ne ba sa sawa, wai zafi."

Bayan shekaru, karatu ya kai ni ga wani reshe na kimiyyar sinadarai da Turawa ke yi wa laƙabi da "koriya", wato mai launin tsiro, wadda ba ta kashe ƙasa ba ta kashe mutum. A nan na gane cewa maganganun nan biyu na Kawu sun tattare batun kaf: ɗaya ta kuɗi, ɗaya ta takunkumin da ba a sawa.

Bari mu fara da takunkumin. Masana suna cewa haɗarin kowane sinadari a kan ƙafa biyu yake tsaye: ƙarfin gubarsa, da yawan yadda yake kaiwa ga jikin mutum. Kowacce ka sare, haɗarin ya faɗi. Kusan duk abin da duniya ta daɗe tana yi, ƙafa ta biyun take sara. Takunkumi, safar hannu, rubutun gargaɗi a jikin kwalba, dogon bututun hayaƙi, katangar masana'anta, samamen jami'an hukuma, dukansu ƙoƙari ne na shiga tsakanin guba da mutum, gubar kuwa tana nan da ranta. Kamar gardi ne da gamsheƙarsa cikin kwando. Yana iya shekara talatin murfi bai taɓa zamewa ba, amma rana ɗaya tak ake buƙata. Yaron sito zai ji zafi ya cire takunkumi, mai gadi zai yi gyangyaɗi, wuta za ta ɗauke, bututu zai yi tsatsa.

Abin da ya faru ke nan a birnin Bofal na ƙasar Indiya cikin daren 2 ga Disamba, 1984. Masana'antar kamfanin Union Carbide, mai haɗa maganin ƙwari, ta tara wani mugun sinadari a cikin tankuna. Ruwa ya shiga ɗaya daga cikinsu, ya tafasa, kimanin tan 40 na iska mai guba ta kwararo kan unguwannin talakawa suna barci. Dubban mutane suka mutu, dubban ɗaruruwa suka shaƙa. Na'urorin kariya suna nan a wurin, sai dai a daren babu wadda ta yi aikinta. Abin takaicin shi ne akwai hanyar haɗa wannan maganin ƙwari ba tare da an tara wancan sinadari a tanki ba.

Wata dabarar ta nesanta guba da jiki ita ce a kai ta bayan gidan wani, kuma mu a Najeriya mun ɗanɗana. A 1988 aka gano dubban gangunan sharar masana'antu daga Italiya, kusan tan 4,000, jibge a filin wani bawan Allah a garin Koko, cikin jihar Bendel ta wancan lokaci, Delta a yau. Ɗalibanmu da ke karatu a Italiya ne suka tsegunta wa jaridun gida. Gwamnatin Babangida ta tilasta aka kwashe, a shekarar ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wadda NESREA ta gada a 2007. Shekara guda bayan Koko, a 1989, ƙasashen duniya suka sa hannu kan yarjejeniyar Basel ta taƙaita safarar shara mai guba. Duk wannan ya yi kyau, amma har yanzu maganar murfin kwando ake yi.

A farkon shekarun 1990 wani masani mai suna Paul Anastas, yana aiki a hukumar kare muhalli ta Amurka, ya fara tura tambayar zuwa ƙafa ta farko: me ya sa tun farko za a haɗa abin da sai an tsare shi da katanga? Me zai hana mai haɗa sinadari, tun yana zaune da takarda da alƙalami, ya sa rashin guba cikin sharuɗɗan aikinsa, kamar yadda yake sa araha da inganci? A 1998 shi da John Warner suka fitar da littafin da ya jera ƙa'idoji 12, waɗanda har gobe su ne ginshiƙin fannin. Ba zan jero su ba. Wanda ya san karin maganar nan ta "tun ran gini, ran zane" ya riga ya san rabinsu.

Misali ɗaya ya fi jeri amfani. Ƙwayar ibuprofen, wadda ɗan dako a Mile 12 ko ɗan acaba a Agege yake afawa da daddare saboda ciwon jiki, kamfanin Boots na Ingila ne ya samar da ita a farkon shekarun 1960. Hanyarsu ta haɗa ta matakai shida ce, kuma in ka auna dukan kayan haɗin da aka zuba, kashi 40 cikin ɗari ne kacal suke ƙarewa a cikin maganin. Sauran 60 shara ce. Ka ɗauka ka kai wa tela yadi goma, ya ɗinka maka riga da huɗu, ya share shida ya zuba a kwata, ya kuma caje ka kuɗin sharar. Wajen 1990 wani kamfani mai suna BHC ya fito da hanya mai matakai uku, wadda kashi 77 na kayan haɗin ke shiga cikin maganin, ɗan abin da ya rage kuma ruwan tsami ne irin na binega, ana tattara shi a yi wani aikin da shi. Magani bai canza ba, ciwon bayan ɗan dako bai san an yi wani sauyi ba, amma tulin sharar ya zube, kuɗin haɗawa ma ya sauka. A 1997 wannan hanya ta ci lambar yabon shugaban Amurka ta wannan fanni.

Kada mai karatu ya ɗauka Boots ne kaɗai telan banza. Wani masani, Roger Sheldon, ya yi lissafi a 1992 ya nuna cewa a masana'antar magunguna kowane kilo guda na magani yana barin kilo 25 zuwa sama da 100 na shara, mafi yawanta ruwan narkar da sinadarai ne da ake wanke kaya da shi a zubar.

Sirrin hanyar BHC shi ne wani nau'in sinadari da ni nake kira dillali. Aikinsa ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuma ya kaɗe rigarsa ya nufi ciniki na gaba, ba a cinye shi a ciki. Ya ma fi dillalin kasuwa kirki, don ba ya karɓar la'ada. Tsohuwar hanya kuwa a matakai da yawa sai an zuba sinadarin da zai ƙare a wurin ya zama datti. Mafi gwanintar dillalai kuma a jikin halittu suke, ana ce musu enzayim. Su ne ke narkar da tuwo a cikinmu, su ne ƙwayoyin halitta ke amfani da su wajen mayar da kalwa daddawa, ba tare da tukunyar ƙarfe mai matsanancin zafi ko ruwan batir ba. Frances Arnold ta samu kyautar Nobel a 2018 saboda gano yadda za a riƙa horar da irin waɗannan su yi wa masana'antu aiki. Garin sabulun wanki da ke fitar da maiƙon miya a ruwan sanyi, da irinsu a ciki.

To, mu koma sito.

Sinadarin da ke cikin fiya-fiya da Sniper sunansa dikulobos. Yadda yake kashe ƙwaro shi ne ya toshe wani enzayim da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isa inda aka aike shi. Saƙo ya yi ta bugawa babu tsayawa, kamar hon ɗin mota da ya maƙale, har jiki ya sandare. Matsalar ita ce irin wannan enzayim ɗin ne a jikina da jikinka. Shi ya sa yaron da ya cuɗa wake da hannu yake fita yana dalalar miyau, gumi na karyo masa, ƙwayar idonsa ta tsuke, ciki na murɗawa. Na ga ana ba irin waɗannan yara madara ko manja wai ya karya gubar. Ba ya karyawa. A cire masa kayan jikinsa, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu don likita ya san abin da yake fama da shi.

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda wannan sinadari. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, an kuwa samu kayanmu da suka ninka haka sau ɗaruruwa. Wanda aka dawo da shi daga bakin ruwa ke nan. Wanda ba a taɓa aunawa ba shi ne muke ci da shinkafa da mai da yaji. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Duk wanda ya bi ta gefen gadar Oshodi ko tashar Agege da yamma zai faɗa maka ko hanin ya kai ƙasa. Ni ban zargi hukuma da yin dokar ba, amma doka ba ta amsa tambayar Kawu. Ƙwaro bai karanta sanarwar NAFDAC ba, buhu ɗari uku kuma suna nan.

Wanda ya amsa tambayar wani masanin ƙwari ne na Jami'ar Purdue ta Amurka, Larry Murdock, tare da abokan aikinsa a arewacin Kamaru, tun ƙarshen shekarun 1980. Abin da suka fito da shi ana kiransa buhun PICS, kuma ba shi da wani kwarjini a ido: ledoji biyu masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sai buhun saƙa a waje. Ka zuba busasshen wake, ka matse iska, ka ɗaure leda ta farko, ka ɗaure ta biyu daban, ka ɗaure buhun. Ƙwarin da ke ciki su da kansu za su shanye ɗan iskar numfashin da ta rage. Da ta yi ƙasa sai su daina ci, su daina haihuwa, jikinsu ya bushe su mutu. Ko ɗigon magani babu. Daga 2007 aka shiga yaɗa shi a ƙasashen Afirka ta Yamma, a Kano ma ana ƙera shi, kuma in bera bai huda ba yana yin kaka biyu ko uku. Iyayenmu da ke cika tulu ko ganga da wake su liƙe baki da laka, a kan wannan ilimin suke, ko ba su kira shi da sunan boko ba.

Wani zai ce ai wannan ba haɗa sinadari ba ne, buhu ne. Haka ne, kuma a ganina nan ne daɗin misalin yake. Tambayar farko da fannin ke koya wa ɗalibi ita ce, mene ne ainihin aikin da ake so a yi? Kawu ba fiya-fiya yake so ba, wakensa yake so ya kai watan da zai yi tsada. In iska za ta yi aikin, an huta da neman guba mai sauƙi. Sai dai in faɗi gaskiya, ledar nan ma roba ce, ranar da ta mutu jujin Olusosun na nan Legas za ta nufa kamar 'yan'uwanta.

Da wannan tambayar za ka iya zagaya kasuwannin Legas kana gani da sabon ido. Mai ayaba da mangwaro da ke ƙunsa kabaid irin na masu walda a takarda ya cusa cikin kaya, so yake su nuna gaba ɗaya kafin su ruɓe. Kabaid in ya ji laima yana fitar da iskar da ke kwaikwayon wadda 'ya'yan itace ke fitarwa da kansu in za su nuna, amma yana tafe da dattin arsanik da fosfaras. Ita ainihin iskar, etilin, ana sayar da ita, da ita ake nunar da ayaba a ɗakunan nunarwa na ƙasashen da suka tsara abin. Tsohuwar da ke jefa nunanniyar ayaba guda cikin ɗanye ta lulluɓe da buhu, etilin ɗin take amfani da shi. Haka masu babbakar ganda da ƙafar sa da tsohuwar taya. Na tsaya kusa da irin wannan wuta a wata mayanka, cikin minti goma farar hulata ta koma toka-toka, yaran da ke juya fata kuwa in sun yi kaki baƙi ne. Hayaƙin taya na ɗauke da sinadarai masu jawo sankara, suna kuma laƙewa a jikin fatar da za a ci. Aikin da ake so shi ne cire gashi. Wutar gas tana yi, tafasasshen ruwa da wuƙa suna yi. Taya ta fi su ne da abu guda: kyauta ake tsintar ta.

Akwai kuma ramin da masu wannan fanni suka fi tsoro, wanda Bahaushe ya riga ya raɗa wa suna: gudun gara, faɗawa gidan zago. Labarin Thomas Midgley ya isa wa'azi. Injiniya ne a kamfanin General Motors. A 1921 ya gano cewa in aka sa wani haɗin dalma a fetur, inji ya daina ƙwanƙwasa. Aka yi ta murna, duniya ta shekara kusan ɗari tana shaƙar dalma daga salansa, sai a 2021 ƙasa ta ƙarshe, Aljeriya, ta daina sayar da irin wannan fetur. Shi dai wannan mutum aka ba aikin nemo gas ɗin firji mara haɗari, don na lokacin in ya tsiyaya yana kashe mutanen gida. Ya samo wanda ba ya kama wuta, ba ya cutar da huhu. A 1930 ya shaƙe shi gaban taron masana ya hure kyandir da shi don ya nuna lafiyarsa. Sai bayan shekara arba'in da wani abu, a 1974, Mario Molina da Sherwood Rowland suka nuna cewa gas ɗin yana hawa sama ya cinye rufin ozon da ke tace mana mugun hasken rana. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kore shi. Wanda ya gaje shi bai taɓa ozon ba, amma ya zamo gwanin riƙe zafi a duniya, har sai da aka sake zama a Kigali a 2016 don rage shi. Yau sababbin firji da yawa da gas ɗin R600a suke zuwa, wanda ba ya yin ɓarnar biyun, amma yana kama wuta. Duk mai gyaran firji da ya saba kunna wutar walda a jikin bututu ba tare da ya tabbatar gas ya fita ba, sai ya sake koyon sana'a.

Wannan darasi yana gabanmu yanzu haka. A Janairun 2024 gwamnatin Legas ta haramta farar robar nan mai kama da soso da ake zuba abinci a ciki, wadda ke toshe magudanan ruwa duk damina, kuma daga 1 ga Yulin 2025 ta fara aiwatar da hani kan wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Na goyi bayan matakin, don na taɓa tsoma ƙafa har gwiwa a ruwan kwata. Abin lura shi ne me zai maye gurbi. Akwai ledar da ake cewa tana narkewa, alhali farfashewa kawai take yi ta zama ɓurɓushin da kifin tafkin Legas zai haɗiye, mu kuma mu ci kifin. Tarayyar Turai ta hana irinta tun 2021. Akwai robar da ake yi da sitacin masara, wadda ba ta ruɓewa sai a wurin takin masana'anta mai zafin kusan digiri 60, a cikin kwata kuwa zamanta take yi. Ganyen da Yarabawa ke ƙunsa alala da shinkafar ofada a ciki ya fi su duka cika sharaɗi, ko da yake ban ga yadda zai ɗauki miyar mai sayar da abinci a Obalende ba.

Kada kuma a ji na yabi ganye a ce duk abin gargajiya lafiya ne. Gaskiya ne muna da abin tinƙaho. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, da baba da toka da ruwa take aiki, a bar su su tsima, ƙwayoyin halitta su yi aikin da masu rinin zamani ke yi da soda mai ƙuna. Katsin da ya kwanta a gindin rijiyar rini ma ba a zubarwa, ana ƙona shi ya shiga laso na shafen gini. Majemanmu da bagaruwa suka jeme fatar jan akuyar Sakkwato da ta ratsa Sahara har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce, tun kafin a zo da gishirin kurom da ke gama jima cikin kwana ɗaya ko biyu ya bar kogin Challawa da abin da ya bar shi. Amma tozalin dutse da ake ranbaɗa wa jarirai, sau da yawa ma'adinin dalma ne tsagwaronsa. Mu da muka ga abin da dalma ta yi a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu saboda niƙa dutsen zinari a cikin gidaje, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Gubar fumfuna da ke kama gyaɗa da masara ta lalata hanta, ita ma ba daga masana'anta ta fito ba. Maganinta da cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar, Aflasafe, dabara ce mai ban sha'awa: an zaɓo dangin fumfunar da ba sa fitar da guba, an shafa su a jikin ƙwayar dawa, manomi ya watsa a gona kafin amfani ya yi fure, su riga mugayen kama wuri. Ma'aunin dai guda ne ga na bature da na kaka: me abin yake yi wa jiki, kuma ina yake ƙarewa.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ta farko a bakin Kawu. Hanyar BHC ta yi nasara ne domin mai masana'anta a can shi ke biyan kuɗin kwashe shararsa, don haka rage shara riba ce a aljihunsa. A nan kuwa kwata kyauta ce, iska kyauta ce, huhun yaron sito ma kyauta ne, in ya kwanta ciwo a sa shi a mota zuwa gida a ɗauko wani. Wanda ya zuba gubar daban, wanda ya biya kuɗin asibiti daban. Muddin lissafin yana haka, taya za ta ci gaba da kayar da gas. Muna da LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Legas, muna da cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO a nan Oshodi tun 1956, muna da ta fasahar sinadarai da ta fata a Zariya. Tazarar da ke tsakanin ɗakin gwajinsu da rumfar mai ganda ita ce ba a cike ba, kuma ba da takardar taro ake cike ta ba. Sai wani ya zauna da shugabannin kasuwa da sarkin fawa, da harshen da suke ji, ya buga musu lissafi naira da kwabo.

Shi Kawu lissafin ne ya juya shi, ba wa'azina ba. Wani abokin cinikinsa daga Dawanau ya aiko masa da buhu goma na gwaji, ya ajiye wata biyar, ya buɗe ya tarar da wake kamar ranar da aka sussuka. Yanzu duk kayan da zai ajiye zuwa lokacin tsada a irin wannan buhu suke, a kusurwa guda, bisa katako saboda bera, kuma ya kafa doka: kada wanda ya kusance su da ƙarfen nan da ake soka wa buhu a ga samfur, don huji ɗaya ya ɓata aikin. Wannan kansa rigima ce, domin ɗan kasuwar Legas bai yarda ya sayi abin da bai soka ba.

Wata matsalar kuma babu wanda ya hango ta. Tun da labarin fiya-fiya ya bazu, matan Legas suka koyi neman wake mai ɗan ƙwaro, wai shi ne shaidar ba a sa magani ba. Ina zaune wata Asabar wata mai sayar da abinci, tsohuwar abokiyar cinikinsa, ta zo. Ta ɗebi waken ta juya a tafin hannu, ta ga babu huji ko ɗaya, ta watsar ta ce, "Alhaji, wannan ka sa masa magani. Ba ni mai ƙwaro."

Kawu ya yi rantsuwa, ta ƙi. Sai ya sa aka jawo sabon buhu, ya kwance ɗauri na farko a gabanta, ya kwance na biyu, ya kwance na uku, ya ce, "Mama, sa hancinki." Ta sunkuya ta shinshina, ta sake shinshinawa. Ya zura hannu har gwiwar hannu ya ɗebo daga can ƙasa, ya baza a kan faranti, ya tsince mata matattun ƙwari guda huɗu, busassu ƙayau, ya jera su a gefe. Ta daɗe tana kallonsu. Ta sayi rabin buhu, ta ce in abokan cinikinta ba su yi ƙorafi ba za ta dawo ranar Laraba, kuma ya ajiye mata ledar.